Abincin Gaggawa da Shawarwari Masu Karo da Juna: Wanne Za Mu Bi?

(Wannan jawabi ne da wata 'yar'uwarmu, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta gabatar a taron dattawa da shugabannin Zumuntar Mata na gundumarmu. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, bisa roƙon waɗanda suka halarta.)

Na san an jima ana zaune, na kuma ga an riga an jera kiret-kiret na lemun kwalba a bayan ɗaki ana jiran in gama, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba. Amma ku gafarce ni, gama a kan waɗannan kiret ɗin ma zan yi magana.

Abin da ya sa na karɓi wannan gayyata shi ne tambayar da wata ƙanwata ta yi mini bayan sujada. Ta ce, “Yaya, mu dai me za mu ci ne? An ce ƙwai na kawo hawan jini, an dawo an ce ƙwai ba laifi. An ce a bar manja, wani ya ce manja magani ne. An ce mai ciwon sukari ya bar tuwon dawa ya koma alkama, yanzu kuma an ce acha. Ni na gaji, abin da na samu kawai zan ci.” Na yi dariya, amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai. Gajiyar nan tata ita ce abin tsoro, domin wanda ya gaji da shawara, mai kyau da marar kyau duka yake zubarwa.

Bari in fara da amincewa cewa tana da gaskiya. Shawara ta sāke, kuma mu ma'aikatan lafiya da bakinmu muka faɗi ta dā, da bakinmu muke faɗin ta yanzu. Ku ɗauki ƙwai. A shekarar 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada mutum ya wuce gwaiduwar ƙwai 3 a mako, saboda kitsen da ake kira kolestarol. Haka aka koya mana, haka muka koya wa marasa lafiya shekara da shekaru. A 2015 gwamnatin Amurka ta cire iyakar da ta sa wa kolestarol na abinci daga jagoran cin abincinta, gama an gane cewa ga yawancin mutane, ƙwan da suka ci ba shi ne ke ɗaga kitsen jininsu sosai ba. Haka kuma an taɓa cewa a bar man shanu a koma majarin na gwangwani, daga baya aka gano cewa irin man da ake daskararwa a masana'anta ya fi man shanun cutar da zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da shi daga abinci, NAFDAC ma ta sa masa iyaka a dokarta ta 2022. Har awon hawan jini an samu bambanci: a 2017 likitocin Amurka suka ce hawan jini yana farawa daga 130 bisa 80, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana nan a kan 140 bisa 90. Ba ƙarya aka yi mana ba. Ilimi ne ya ƙaru, aka gyara.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Gardamar da masana ke yi, a kan ƙananan abubuwa ce. A kan manyan kuwa bakinsu ɗaya ne, tun ina ɗaliba har na yi ritaya ban ji ya sāke ba: gishiri ya yi mana yawa, sukari ya yi mana yawa, soye-soye sun yi yawa, ganye ya yi kaɗan, motsa jiki ya ragu. Mu kuwa mun bar jaki muna dukan taiki. Muna gardamar ƙwai, alhali muna kora shi da lemun kwalba.

Idan aka ce abincin gaggawa, hankalin yawancinmu yana tafiya ga manyan shaguna masu gilashi da na'urar sanyi. Mr Bigg's ya fara a Legas a 1986, Chicken Republic a 2004, kuma sannu a hankali irin waɗannan wurare suka iso biranenmu. Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa a ɗakin nan ke shiga can? Sai ko ranar Kirsimeti a kai yara su ci kaza su ɗauki hoto. Wannan cin na sau ɗaya ko biyu a shekara ba shi ne damuwata ba. Ku kai su, su ji daɗi.

Abincin gaggawar da ke cin mu yana bakin titi da cikin madafarmu. Teburin mai shayi ne, inda saurayi ke cin indomi leda biyu da ƙwai da burodi, da shayi mai kauri da aka zuba wa sukari ba awo, yau da gobe da jibi. Fanke ne da awara da doya da ƙwai, da ake soyawa a man da ya yi kwana da kwanaki a kasko har ya yi baƙi. Mitfai ne da shawarma da lemo da ma'aikaci ke haɗiya a ofis domin ba lokacin komawa gida. Ba na zagin masu sayarwa, yawancinsu 'ya'yanmu ne da gwaurayen da ke biyan kuɗin makaranta da wannan sana'a. Ba na kuma zagin uwar da ta fita tun asuba ta dawo a gajiye, gawayi ya yi tsada, gas ya fi ƙarfinta, ta dafa wa yara taliyar minti biyar. Ni ma na yi haka lokacin da nake aikin dare. Abin da nake cewa shi ne, abin da ya kamata ya zama na ranar matsi ya zama na kullum.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama gani ya kori ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi guda, duka da na miya da na burodi da na tsire. To, dunƙulen da muke jefawa a miya, kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida ta sa dunƙule 4 ko 5, ta ƙara farin gishiri, ta ƙara ɗan farin maginan nan, maigida kuma ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya ma haka yake. Iyayenmu da daddawa suka yi miya, ba wanda ya ce ba ta da daɗi. Ban ce ku zubar da dunƙule yau ba, don na san ba za ku yi ba. Ku rage ɗaya a wannan wata, ku ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ku zo kuna jin miyar biki ta yi muku gishiri.

Sukari kuma, shawarar Hukumar ta 2015 ita ce kada wanda aka ƙara a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi, wannan kimanin giram 50 ne, wato cokalin shayi 12, kuma idan an rage zuwa rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ta 35cl tana ɗauke da wajen cokali 8 zuwa 9. Babbar roba ta 50cl ita kaɗai ta cinye rabon yini. Na san wani zai ce shi maltina yake sha, ba lemo ba. Baba, ita ma zaƙinta ba daga sama ya faɗo ba, ka duba rubutun jikin kwalbar. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga ya hana kowa sha ba. Zoɓo da kunun aya na gida sun fi, muddin ba a mayar da su zuma ba.

A nan ne zan taɓa mu, shugabanni. Taron kwamiti lemo, bikin aure lemo, zaman makoki lemo, bikin godiya lemo, baƙon mai wa'azi a ba shi biyu don girmamawa. Dattijon da likita ya hana, kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba, kada a ce ya raina hidimar mata. Na taɓa ganin wani baba mai ciwon sukari ya sha uku a yini ɗaya, taro uku ya halarta. Mu ne muka miƙa masa da hannu bibbiyu. Ina roƙon Zumuntar Mata da kwamitin hidima, a riƙa ajiye ruwa mai sanyi da zoɓo marar sukari a gefe, da gyaɗa ko lemun zaƙi ko kankana a lokacinsu, domin mai ƙin lemo ya sami abin riƙewa a hannu ba tare da an zuba masa ido ba. Kuɗin ma ya fi sauƙi, ma'aji zai gode mana.

Game da acha da alkama, gajeriyar amsa ce. Acha abinci ne mai kyau, alkama ma haka, amma dukansu hatsi ne, dukansu suna zama sukari a jini. Mai ciwon sukari da ya ci malmala uku na acha bai tsira ba. Wanda ya ci malmala ɗaya ta dawa da miyar zogale ko rama ko kuka mai yawa, da ɗan wake ko kifi, ya fi shi. Kada talaka ya ci bashi ya sayi acha alhali dawa na rumbunsa. Manja kuma yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga ido da ga yara, amma wajen rabinsa kitse ne mai daskarewa, kuma idan aka ƙona shi har ya yi fari amfanin ya tafi. A sa kaɗan, kada a ƙona.

Shawarar da ta fi ba ni tsoro ba ta likitoci ba ce, ta waya ce. Kun tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashe mu cikin dare da saƙo cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? Mutane da yawa suka yi, aka kwantar da wasu a asibiti, aka kuma ba da labarin mutuwar wasu a Filato. Waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su. Irin wannan ƙaunar ce ke yawo yau a WhatsApp: sha tafarnuwa da lemun tsami ka rabu da hawan jini har abada, sha garin zogale ka jefar da ƙwayoyi. Akwai wani dattijo da na yi shekaru ina auna wa jini, mutum mai hankali, jininsa ya daidaita da ƙwaya ɗaya a yini. Ɗansa ya turo masa irin wannan saƙo daga birni, ya ajiye maganin ya kama zogale. Ya ce mini yana jin garau. Haka hawan jini yake, ba ya sallama. Bayan wata biyar aka kawo shi ɓarin jikinsa ya shanye. Yana raye, amma matarsa ce ke ba shi abinci a baki, ɗan kuma har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Zogale ganye ne mai albarka, ku ci shi a miya da kwaɗo. Amma duk saƙon da ya ce ku bar maganin asibiti, ko ya ce abu ɗaya na warkar da cuta goma, ko ya ƙare da lambar wayar mai sayarwa, kada ku tura wa kowa sai kun nuna wa ma'aikacin lafiya. A kowace ekklesiyarmu da wuya a rasa nas ko malamin asibiti guda.

Ga matasa kuwa kalma ɗaya. Idan dole sai indomi, ku sa rabin ƙullin ɗanɗanon, ku yanka kabeji da karas da albasa, ku kora da ruwa. Iyayenku noma suka yi da tafiya a ƙasa, ku kuwa daga babur sai kujera. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana 5 a mako, shi ne awon da aka bayar.

Shugaba, na zo da na'urar awon jini da ta sukari. Bayan an tashi zan zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke gefen ofis, duk wanda ya haura shekara 40, ko wanda ya yi shekara bai auna ba, ya zo, ba a biyan ko kwabo. Masu son awon sukari su same ni gobe da safe kafin su sa komai a baki. Wanda yake shan magani ya zo da kwalinsa in gani.