Giya Da Ciwon Daji: Me Ma'aunin Likitoci Yake Nufi?



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan lafiya, ni kuwa na zaɓi maganar giya. Na san wani zai ce ina ruwan wannan taro da giya, alhali addinin yawancinmu ya riga ya yanke hukunci a kanta. Haka ne, kuma wa'azi na bar wa masu shi. Amma duk wanda yake aikin gwamnati kamar ni ya san abin da ake yi a kulob bayan an tashi daga ofis, ya kuma san gidajen burkutu ranar kasuwa. In kai ba ka sha, da wuya ka rasa ƙane ko abokin aiki mai sha. In ka yi masa magana, amsar da ya fi bayarwa ita ce ai likitocin Turai ma sun ce kaɗan ba ta da illa. To, wannan amsa nake so mu duba yau.

Gaskiya ne wasu ƙasashe sun ƙayyade ma'auni. A Ingila suna lissafi da awo, kowane awo mililita 10 ne na tsantsar sinadarin da ke bugarwa. A da an yarje wa namiji awo 21 a mako, amma a 2016 manyan likitocin gwamnati suka rage shi zuwa 14, maza da mata duk ɗaya, kuma ciwon daji na cikin manyan dalilansu. Mu kwatanta da abin da muka sani. Babbar kwalbar giya ta ƙasar nan mai santilita 60, wadda ƙarfinta kashi 5 ne cikin ɗari, tana ɗauke da awo 3. Ke nan awo 14 bai kai kwalba biyar a mako ba, abin da wani yake shanyewa a dare ɗaya. A 2023 kuma wata cibiyar nazari ta ƙasar Kanada ta ba da shawarar kada a wuce ƙananan kwalabe biyu a mako, wato babbar kwalbarmu ɗaya da ɗan ƙari.

Abin lura shi ne waɗanda suka tsara ma'aunin Ingila ba su ce wanda ya tsaya a kansa ya tsira ba, cewa suka yi haɗarinsa ya ragu. Tun 1988, kafin a haifi wasunmu, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya giya a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa cutar, rukunin da taba sigari take ciki. A watan Janairu na 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa. Ta ƙara da cewa a yankin Turai, rabin masu ciwon dajin da giya ta jawo ba mashaya ba ne na a zo a gani, mutane ne da shansu bai kai lita uku da rabi na giya a mako ba.

Yadda abin yake faruwa shi ne, idan giya ta shiga jiki, hanta takan juya ta zuwa wani sinadari da ake kira asitaldehaid, wanda yake lalata ƙwayoyin halitta ya kuma hana su gyaruwa. Ƙwayar da ta lalace ta ci gaba da hayayyafa ita ce mafarin ciwon daji. Saboda haka babu bambanci tsakanin giyar kwalba mai tsada da burkutu da ogogoro da 'yar leda, sinadarin ɗaya ne. Wurare bakwai aka tabbatar tana jawo cutar: baki, maƙogwaro, akwatin murya, hanyar abinci, hanta, babban hanji, da nonon mata. Wani bincike da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutane fiye da 740,000 a duniya sun kamu da ciwon daji saboda giya. Wanda kuma ya haɗa ta da taba, haɗarin baki da maƙogwaro yana ninkuwa.

Mu kuma a nan muna da ƙarin matsala. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Nijeriya, mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba. Ga kuma gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, ita ma hanta take bugu. Hantar da ke fama da waɗannan biyu, in aka ɗora mata giya, an haɗa mata zafi goma da ashirin.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Na farko, kowa ya je a gwada shi ciwon hanta, in ba shi da shi a yi masa allurar rigakafi, shi da iyalinsa. Na biyu, in kana da ɗan'uwa mai sha, ka kira shi gefe ba tare da tozartawa ba, ka yi masa lissafin kwalaben nan, domin duk abin da ya rage riba ce. Sai dai wanda ya daɗe yana sha kullum ya nemi likita kafin ya daina, don tsayawa rana ɗaya na iya jawo masa kyarma da farfaɗiya. Na uku, kada a zauna da gyambon bakin da ya yi mako uku bai warke ba, ko wahalar haɗiya, ko jini a bayan gida, ko ƙullutu a nono. A tafi asibiti tun da wuri.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Ina godiya ga malamanmu da suka koya mana lissafin da na yi amfani da shi yau. Allah ya ƙara mana lafiya, ya maimaita mana taron baɗi.