INA MAI KAYA ZAI HUTA?
Jawabin da aka yi a taron ƙungiyarmu

 Kun ba mu izini, mu ƴan uwanku masu bin Yesu Almasihu, mu faɗi inda muke samun hutu in kaya ya yi mana nauyi. Mun gode. Ba gardamar addini ta kawo mu ba. Rijiya guda muke sha, gajiya kuwa ba ta tambayar addinin mutum.

Kowa ya san kayan. Dattijai ba su manta da 1984 ba, shekarar El Buhari, da hatsi bai yi ba, aka kuma rufe iyakar Nijeriya. An sake rufe ta a 2019, an ƙara a 2023, kuma kowane karo ɗan Gabi mai ci da kasuwar Jibiya ya ji a jikinshi. Ga ɓarayin daji da suka dami ƙasar Madarunfa, a kore shanu, a ɗauki mutum a ce sai an biya. Ga ɗan bida a Kano ko Legas, ya tara naira, ya canza ta sefa, ta koma ba yawa. Sai kunya ta hana shi zuwa gida shekara uku, don hannunshi ba komi. Wagga gajiya ta zuciya ce, tabarma ba ta maganinta.

A Bisharar Matiyu, sura 11, aya 28 zuwa 30, Yesu ya kira irin waɗanga mutane zuwa gare shi. Bai yi masu alkawarin aiki zai ƙare ba, maganar karkiya ya yi. Manomi ya san karkiya ta shanu biyu ce. Sabon sa, da tsohon da ya san huɗa ake haɗa shi. Babban ke jan nauyi, ƙaramin na koyon tahiya. Haka muka gane wannan kira. Gonar tana nan, bashin yana nan, amma mutum ya daina ja shi kaɗai. Ta hanya uku muke ganin haka.

Ta fari, mu faɗi gaskiya cikin addu'a. A littafin Sarakuna na fari, sura 19, annabi Iliya ya gudu jeji, ya kwanta ƙarƙashin itace, ya roƙi mutuwa don ya gaji. Allah bai yi mashi faɗa ba. Abinci da ruwa aka kawo mashi har sau biyu, ya ci, ya yi barci, sannan daga baya aka yi mashi magana. In annabi ya gaji ya faɗa, kai magidanci me za ka ɓoye? Namiji ya ce na gaji, ba ragwanci ba ne.

Ta biyu, ranar hutu. Mu ran Lahadi muke aje hauya mu taru mu yi sujada. Wani na cewa asarar yini ce. To, ku tuna da kututturan gonakinmu. Da, kowace shekara sare tohonsu ake yi, har mutane suka ce daji ya mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa saiwar na da rai a ƙasa. Aka koyi barin toho biyu ko uku a raga masu, yau ga itatuwa sun dawo cikin gonaki. Ran mutum haka yake. Wanda ake sara kullum ba ya toho. Yini guda da ka bar wa Allah, cewa ka yi ba ƙarfinka ke riƙe da gidanka ba.

Ta uku, mu ɗaukar wa juna, kamar yadda manzo Bulus ya gargaɗi Galatiyawa a sura 6. Mun ga misali kusa da mu. A Danja, tun 1956, ana karɓar kutare da mutane ke gudu, a wanke masu miki, a ba su magani, ba a tambayi addininsu ba. Sau da yawa hutun da Allah ke ba mutum ta hannun maƙwabci yake zuwa. Wanda aka kore wa shanu, a yi mashi gayya. Matar da mijinta ya daɗe bai aiko ba, kada a jira sai ta roƙa. Mu malaman lakwal muna ganin ɗiyanta, su ne masu gyangyaɗi bisa benci tun da hantsi.

Saura roƙo biyu. Ku na wurin bida da takardar nan za ta iske, in abu ya ƙi, ku taho gida. Da a ce an rasa labarin wane, gara a ce wane ya dawo ba komi. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya yi sallama, a ba shi ruwa da tabarma tukuna. Tambayar abin da ya kawo ta jira gobe.

Allah shi hutar da mai gajiya, shi ba ƙasarmu lahiya, shi kai mu damina da rai.