ZAƁEN FANNIN KARATU DA SHIRIN JARRABAWAR SHIGA JAMI'A A MA'AUNIN SHARI'A

*Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar a taron bita da kwamitin ilmi ya shirya wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu.*

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Dalilin wannan zama shi ne ƙaratowar lokacin sayen fom na jarrabawar share fagen shiga jami'a, wadda hukumar JAMB take gudanarwa tun kafa ta a shekarar 1978. A shekarar 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 ne suka zauna wannan jarrabawa, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa al'amarin ba na wasa ba ne. To amma abin da ya fi damunmu shi ne yadda da yawa daga cikinmu muke ɗaukar wannan sha'ani a matsayin harkar duniya tsagwaronta, wadda addini ba shi da ta cewa a cikinta. Yaro ya tafi shagon cika fom shi kaɗai, mai shago ya zaɓa masa kwas, uba kuwa iyakar saninsa shi ne ya ba da kuɗi. Muna so mu nuna cewa wannan zaɓe amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Matsayin ilmin zamani a shari'a

Malamai sun kasa ilmin da ya wajaba gida biyu. Na farko shi ne farali aini, wanda ya hau kan kowane baligi, namiji ko mace: sanin tauhidi, da tsarki, da salla, da azumi, da hukuncin duk wata mu'amala da mutum zai shiga. Wannan babu wata jarrabawa da take sauke shi. Na biyu shi ne farali kifaya, wato duk ilmin da rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da shi. Idan wasu suka ɗauke shi gwargwadon buƙata, ya faɗi a kan saura. Idan kuwa aka rasa masu ɗaukarsa, to laifin ya hau kan dukkan masu ikon yi da suka yi sakaci.

Wannan ba sabon zance ba ne. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu (RA) ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa ƙware cikin kimanin mako biyu. An ruwaito Imamu Shafi'i yana takaicin yadda Musulmi suka sakar wa wasunsu ilmin likitanci. Imamul Gazali ma a cikin Ihya'u Ulumiddin ya koka da garuruwan da suka cika da masana fiƙihu masu jayayya a kan ƙananan mas'aloli, alhali babu likita Musulmi a cikinsu. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe, sai da ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai na waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Ina giɓin yake a yau?

Tunda hukuncin yana rataye ne da buƙatar al'umma, wajibi ne mu duba inda muka gaza.

Na farko, lafiyar mata. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020 a Nijeriya suke, kuma kowa ya san arewacin ƙasar ne ya fi jin jiki. Jama'a, mu ne muke ƙorafin cewa likita namiji yana duba iyalanmu, mu ne kuma muke cire 'yarmu daga makaranta tana aji biyar, alhali ita ce ta ɗaya a darasin Bayoloji. Daga ina likita mace za ta fito? Daga ina ungozoma za ta zo? Aure ba ya hana karatu idan an yi sharaɗi da miji tun farko, kuma muna kira ga mazaje su riƙi wannan sharaɗi da amana.

Na biyu, malanta, kuma a nan muke so mu ɗan tsaya. A shekarar 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga jami'a shi ne 150, na kwalejojin ilmi kuwa 100. Abin da ya zama al'ada a gidajenmu shi ne, yaron da ya fi ƙoƙari a tura shi likitanci ko injiniya, wanda ya rasa ko'ina kuma a ce ya je ya yi NCE. Bayan shekara uku sai a damƙa masa aji mai yara tamanin ya koya musu Lissafi da Turancin da shi kansa bai ci ba. Waɗannan yaran ne za su zauna JAMB bayan shekara goma, su faɗi, mu dawo muna neman wanda za mu ɗora wa laifi. Ba za mu fita daga wannan zagaye ba sai ranar da za mu ga ɗalibi mai maki 280 ya zaɓi karantar da Fiziks ko Lissafi da gangan, yana neman lada, al'umma kuma ta girmama shi ta tallafa masa. Mun san albashin malami ba ya isarsa, kuma wannan hakki ne da za mu ci gaba da nema daga hukuma. Amma masu hali a cikinmu da suke gina masallatai su sani cewa ɗaukar nauyin malamin kimiyya guda a makarantar ƙauye shi ma sadaka ce mai gudana.

Na uku, noma da kiwo. Mafi yawan jama'armu da su suke rayuwa, amma ɗalibi yana jin kunya a ce aikin gona ko likitancin dabbobi yake karantawa. Na huɗu, shari'a. Kotunanmu suna buƙatar alƙalai da lauyoyi da suka haɗa fiƙihu da dokar ƙasa, kuma ana karanta wannan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ɗaliban makarantunmu na Islamiyya da suke da tushe a Larabci su ne suka fi cancanta da wannan fage.

Ma'aunai uku na zaɓe

Ma'auni na farko shi ne halacci. Ɗalibi ya tambayi kansa, aikin da wannan karatu zai kai ni gare shi, zan iya yin sa ba tare da saɓa wa Allah ba? Mai son lissafin kuɗi da tattalin arziki, alal misali, ya haɗa da sanin hukuncin riba da ciniki tun yanzu, musamman da yake bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa sun fara aiki a ƙasar nan tun shekarar 2012.

Na biyu shi ne iyawa. Allah bai halicci mutane da baiwa iri ɗaya ba. A cikin sahabbai, Halidu ɗan Walidu ya shahara da jagorancin yaƙi, Zaidu da ilmin rabon gado, Mu'azu ɗan Jabal da sanin halal da haram, Ubayyu ɗan Ka'abu da ƙira'a. Lokacin da Abu Zarri (RA) ya nemi a ba shi shugabanci, Manzon Allah (SAW) ya hana shi saboda ba zai iya ɗaukar nauyin ba, duk da girman matsayinsa a imani. Saboda haka muna roƙon iyaye, kada a tilasta wa yaron da jini yake firgita shi, kuma Kemistari take ba shi wuya, ya nemi likitanci don kawai a riƙa kiran mahaifiyarsa uwar likita. Guraben likitanci ƙididdigaggu ne a kowace jami'a, kuma sau da yawa irin wannan yaro yakan ɓata shekara uku ko huɗu yana maimaita jarrabawa, alhali da ya riga ya yi nisa a fannin da ya dace da shi. Ku kuma 'ya'yanmu, ku saurari iyayenku da ladabi, idan kuna da hujja ku kawo ta ta hannun malaminku ko wani babba.

Na uku shi ne buƙatar jama'a, wadda muka riga muka yi bayaninta. Bayan an auna waɗannan, sai a nemi shawarar wanda yake aikin a zahiri, domin matambayi ba ya ɓata, sa'an nan a yi sallar istihara raka'a biyu kamar yadda sunna ta koyar.

Yadda za a shirya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jarrabawar darasi huɗu ce, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ne yake ayyana su. Mai neman likitanci zai ɗauki Fiziks da Kemistari da Bayoloji. Mai neman injiniya zai ɗauki Lissafi da Fiziks da Kemistari. Mai neman lauya ya sani jami'o'i da yawa suna sharɗanta adabin Turanci. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci maki 300 ba za a ba shi wannan kwas ba. Don haka a buɗe kundin bayanai na hukumar a duba sharuɗɗan jami'ar da ake so kafin a cika komai. Haka nan ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, a zama ɗaya ko biyu, har da Turanci, da kuma Lissafi ga masu neman kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Manyan kwasa-kwasai irin likitanci yawanci zama ɗaya ake nema.

Tun shekarar 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawar. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran, a cikin awa biyu. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar, rabin hankalinsa zai tafi wajen neman inda zai danna. A yi ta gwaji da agogo, a bi manhajar hukumar babi babi, a warware tambayoyin shekarun baya don a gane salonsu, kuma a shiga jarrabawar gwaji idan da hali. Turanci shi ne babban rauninmu, maganinsa kuwa karatu ne kullum, ko da shafi biyar ne. Lokacin da ya fi albarka shi ne bayan sallar asuba, kuma wanda ya saba da tilawar hadda ya san amfanin maimaici kaɗan kaɗan.

Tun shekarar 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardun makaranta, a kuma adana layin wayar da aka yi rajista da shi. Bayan fitowar sakamako akwai tantancewar da jami'o'i suke yi da kansu, sa'an nan gurbin yakan fito ta tsarin CAPS, wanda aka fara a shekarar 2017, inda ɗalibi zai karɓa da kansa. Duk gurbin da aka ba da ta bayan fage ba ya cikin lissafin hukuma, kuma yakan jawo matsala lokacin bautar ƙasa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take ciki, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Wannan kaso na ƙarshe taimako ne, amma abin kunya ne mu mayar da shi matashin kai. Burinmu shi ne 'ya'yanmu su shiga ta ƙofar cancanta.

Maguɗin jarrabawa

Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, sai ya tsawata masa, ya kuma barranta daga mai yin algus. Takardar shaidar da aka samu ta satar amsa irin wannan tarin ce. Uban da ya biya kuɗi a cibiyar da ake rubuta wa yara amsa, da malamin da ya rubuta a allo, da mai sa ido da ya karɓi na goro, duk sun yi tarayya a cikin zunubin. Kuma cutarwar ba ta tsayawa a ɗakin jarrabawa. Wanda ya shiga da sata zai fita da sata, gobe shi ne zai rubuta wa marar lafiya magani, ko ya sa hannu a kan ginin da zai rufta wa mutane. Haka nan a yi hattara da 'yan damfara masu cewa za su ƙara maki ta waya, da masu ba da laya ko rubutun sha wai don cin jarrabawa. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumin ɗalibi shi ne karatu, bayansa sai addu'a.

Kammalawa

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, kada ya yanke ƙauna. Akwai shirin IJMB da yake kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye, akwai kwalejojin fasaha da na aikin jinya da ungozoma da na kiwon lafiya, akwai kuma sana'ar hannu, wadda Annabi Dawuda (AS) da ita yake ci. Wanda kuɗi ya tsaya masa, tun shekarar 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa.

Muna kira ga kowane reshe ya ɗauki matakai uku kafin a rufe sayar da fom: ya ƙirga ɗalibansa na ajin ƙarshe maza da mata, ya samar musu da masu darasin Turanci da Lissafi da gwajin kwamfuta kyauta daga cikin 'yan'uwa ma'aikata da ɗaliban jami'a, ya kuma saya wa marayu da 'ya'yan marasa hali fom daga asusun taimako.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya tsare su daga algus, Ya sanya su zama sanyin ido ga iyayensu da al'ummar Musulmi baki ɗaya.