Labarin Sabon Bincike Da Yadda Ake Tabbatar Da Shi



Gabatarwa

Da wuya a yi mako guda a wannan zamani ba a ji labarin wani sabon abu da masana kimiyya suka gano ba. A da, irin wannan labari yakan yi watanni kafin ya fito daga mujallar masana ya isa jarida ko gidan rediyo. Yanzu kuwa, tun da intanet ta game duniya, mai bincike zai saki takardarsa da hantsi a wata ƙasa, kafin la'asar ana jayayya a kanta a kowace nahiya, masani da wanda ba masani ba kowa na tofa albarkacin bakinsa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa sanarwar sabon bincike da'awa ce, irin wadda mai ƙara ke kawowa gaban alƙali. Hukunci yana zuwa ne daga baya, bayan shaidun da ba su da rabo a cikin maganar sun maimaita gwajin da hannunsu. Za a kawo misalai huɗu, uku da suka rushe da ɗaya da ya tabbata, domin a ga inda bambancin yake.

Kwalbar Jami'ar Yuta, 1989

Ran 23 ga watan Maris na 1989, Jami'ar Yuta da ke birnin Salt Lake City a Amurka ta kira 'yan jarida. Masana ilmin haɗa sinadarai biyu suka tsaya gabansu: Stanley Pons, shugaban sashen a jami'ar, da Martin Fleischmann na Jami'ar Southampton ta Ingila, mutumin da ake girmamawa ƙwarai a fanninsa. Suka ce sun haɗe cibiyoyin ƙwayoyin zarra a cikin kwalba, bisa tebur, cikin zafin ɗaki.

Ba za a gane nauyin wannan magana ba sai an san abin da ke gudana a cikin rana. A can ne cibiyoyin ƙwayoyin haidurojin ke haɗewa su zama hiliyom, su saki ƙarfi mai tarin yawa, kuma wannan shi ne asalin haske da zafin da ke isowa duniya. To, amma cibiyoyin nan tunkuɗe juna suke yi, ba sa haɗuwa sai cikin matsi mai tsanani da zafin da ya kai digiri miliyan 15, kamar na tsakiyar rana. Tun shekarun 1950 manyan ƙasashe ke zuba dukiya wajen gina injunan da za su kwaikwayi wannan aiki. Sai ga mutum biyu sun ce sun yi shi da sandar wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyom, wadda aka tsoma cikin ruwa mai nauyi, watau ruwan da haidurojin ɗinsa ya ninka na ruwan sha nauyi, aka sakar mata wutar lantarki. Suka ce zafin da ke fitowa ya fi ƙarfin lantarkin da ake sakawa. Da maganar ta tabbata, da duniya ta sami makamashi mai arha wanda ba ya ƙarewa.

Labari ya bazu kamar wutar daji. Kofen takardarsu ya riƙa yawo daga jami'a zuwa jami'a ta na'urar faks da saƙon kwamfuta, ɗaruruwan masana suka ajiye aikinsu suka dukufa gwaji. Cikin watan Afrilu wata ƙungiya a Kwalejin Fasaha ta Jojiya ta ce ta ga alamar haɗewar, bayan 'yan kwanaki ta janye, domin ta gano zafi ne ke ruɗa na'urar awonta. Majalisar jihar Yuta kuwa ta ware dala miliyan 5 don ci gaba da aikin.

Masana ilmin fiziks suka kawo tambayoyi uku. Ta farko, haɗewar irin waɗannan cibiyoyi tana fitar da wasu ƙwayoyi da ake kira nutiron, kuma da zafin nan daga haɗewa ya fito, da yawan nutiron ɗin ya isa ya halaka duk wanda ke tsaye a ɗakin. Ta biyu, shin an maimaita gwajin da ruwan sha domin a kwatanta? In kwalbar ruwan sha ta ba da zafi iri ɗaya, to ba ruwa mai nauyi ne sanadi ba. Ba a sami gamsasshiyar amsa ba. Ta uku, shin an riƙa dama ruwan? Kowace mai girki ta san tukunyar da ba a motsa ba, gindinta da bakinta ba zafinsu ɗaya ba, saboda haka ma'aunin zafi zai faɗi abin da ya tarar a inda aka tsoma shi kawai. A farkon watan Mayu, a taron Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka a birnin Baltimore, masanan Caltech suka bayyana cewa sun gwada ta kowace hanya ba su ga kome ba. Cibiyar binciken nukiliya ta Harwell a Ingila ta kai ga irin wannan sakamako. A watan Nuwamba kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta naɗa ya ce babu hujja mai gamsarwa. Cibiyar da aka kafa da kuɗin jihar Yuta kuma aka rufe ta a 1991.

Babu shaidar cewa mutanen nan biyu sun yi niyyar yaudara. Abin da ya kayar da su shi ne gaggawa. Akwai wani masani a wata jami'a ta jihar, Steven Jones, da ke bincike makamancin nasu, kuma tsoron kada a riga su ya sa aka kira 'yan jarida tun kafin sauran masana su ga cikakken bayanin yadda aka yi gwajin.

Ƙwayoyin da suka riga haske, 2011

Misali na biyu ya sha bamban da na farko wajen ɗabi'ar masu binciken. Akwai wata ƙwaya da ake kira nutirino, wadda ba ta da nauyin kirki, tana ratsa dutse da ƙasa kamar babu su. Daga cibiyar CERN da ke kusa da birnin Janeba a kan harba waɗannan ƙwayoyi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, inda wata ƙungiyar masana mai suna OPERA ke tarbarsu. A watan Satumba na 2011 ƙungiyar ta sanar cewa, bayan auna ƙwayoyi kimanin 15,000, ta ga suna isowa kafin lokacin da haske zai iso da kashi 60 cikin biliyan na sakan ɗaya. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan, watau ke nan a tseren kilomita 730 ƙwayoyin sun ba shi ratar kamar mita 18.

Ratar ba ta da yawa, amma tun 1905 da Albert Einstein ya kafa ƙa'idarsa, ilmin fiziks ya ginu bisa cewa babu abin da ke wuce haske gudu. Jaridu da masu muhawara a intanet suka yi ta shelar cewa an kayar da Einstein. Su kuwa masu binciken ba su faɗi haka ba. Sun baje lissafinsu gaba ɗaya, suka ce sun yi watanni suna neman kuskure ba su samu ba, suka roƙi sauran masana su taya su nema.

Nan da nan aka tuna da wata shaida daga sararin samaniya. A 1987 an ga fashewar wani tauraro mai nisan da haske ke yin shekara kimanin 168,000 kafin ya ratso. Nutirino daga wannan fashewa sun iso duniya 'yan sa'o'i kaɗan kafin a ga haskenta. Da suna gudu irin wanda OPERA ta auna, da sun riga hasken da wajen shekara huɗu. A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyar da kanta ta gano matsala biyu: wata wayar gilashi mai kai saƙon lokaci daga tauraron ɗan'adam zuwa babban agogon ba ta ɗauru daidai ba, shi kuma agogon yana da 'yar tangarɗa. A watan Maris wata ƙungiya mai suna ICARUS, a ƙarƙashin dutse ɗaya, ta auna ta ga gudun bai wuce na haske ba. Shugaban OPERA, Antonio Ereditato, ya sauka daga muƙaminsa, kuma a watan Yuni, a wani taro a birnin Kiyoto na Japan, ƙungiyoyi huɗu na Gran Sasso suka haɗu a kan sakamako ɗaya. Daga sanarwa zuwa hukunci wata tara ne, kuma an kai ga hukuncin cikin sauri ne domin masu da'awar sun buɗe ƙofarsu.

Tsakuwar Koriya, 2023

A 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a birnin Leiden na Holan cewa in aka sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, wutar lantarki na ratsa ta ba tare da wata turjiya ba. Tun daga nan ake neman abin da zai yi haka cikin zafin ɗaki, domin da shi za a kai wuta daga tasha zuwa gari ba a yi asarar kome a kan waya ba. A watan Yuli na 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka saki takardu a intanet, kafin wata mujalla ta tantance su, suna cewa sun same shi. Suka kira shi LK-99, haɗin dalma da tagulla da wasu sinadarai, suka kuma nuna bidiyon wata 'yar tsakuwa da ta ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu.

Miliyoyin mutane suka kalli bidiyon, hannun jarin wasu kamfanoni ya yi tashin gwauron zabo. Amma da yake takardun sun faɗi yadda ake haɗa abin, ɗakunan gwaji a Sin da Indiya da Amurka da Jamus suka gasa nasu. Kafin ƙarshen watan Agusta an gane cewa faɗuwar turjiyar da aka gani ta fito ne daga wani gurɓatacce, haɗin tagulla da ƙibiritu, wanda ke sauya hali a wajen digiri 104. Masana a Cibiyar Max Planck ta birnin Stuttgart suka samar da tsantsarsa, sai ga shi ba ya ma barin wuta ta ratsa shi. Abin da ya ci watanni a 1989 ya ƙare cikin makonni, domin hanyar da ta yaɗa da'awar ita ce ta yaɗa sakamakon shaidu.

Wanda ya tabbata, 2015

Kada mai sauraro ya ɗauka duk labari mai ban mamaki ƙarya ne. Ran 14 ga Satumba na 2015, na'urori biyu na cibiyar LIGO, ɗaya a jihar Luwiziyana ɗaya a jihar Washinton, masu nisan kilomita 3,000 tsakaninsu, suka ji girgizar sararin samaniya da ta taso daga karon manyan baƙaƙen ramuka biyu, abin da ƙa'idar Einstein ta yi hasashe tun 1916. Alamar ta bayyana a duka biyun, ratar kashi 7 cikin dubu na sakan. Raɗe-raɗi ya fita tun a wannan wata, amma masanan suka kame bakinsu wata biyar suna neman abin da zai ƙaryata su, har da binciken ko wani daga cikinsu ne ya cusa alamar. Ba su yi sanarwa ba sai ran 11 ga Fabrairu na 2016, ranar da mujallar masana ta buga takardarsu bayan tantancewa. Daga baya aka sake jin irin wannan girgiza sau da dama, wata na'ura a Italiya ma ta ji a 2017, kuma a shekarar aka ba uku daga cikin jagororin aikin lambar Nobel.

Kammalawa

Daga waɗannan misalai ɗalibi zai iya ɗaukar tambayoyi huɗu da zai riƙa yi wa kowane labarin kimiyya. Ina aka fara faɗinsa, gaban 'yan jarida ko gaban masana? An bayyana yadda aka yi gwajin har wani zai iya maimaitawa? Wane ne ya maimaita, kuma yana da wani rabo a cikin nasarar? Sa'an nan, wane tabbataccen sani ne zai rushe in maganar ta zama gaskiya? Gwargwadon girman abin da zai rushe, gwargwadon yawan shaidun da ake bukata.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce martabar masani ɗaya. A 1998 mujallar Lancet ta buga wata takarda da ta danganta wata allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa, bisa nazarin yara 12 kacal. Manyan bincike da suka biyo baya ba su ga wata alaƙa ba, aka janye takardar a 2010, amma kafin nan iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta sake kunno kai a Ingila. Sanarwa takan sami babban kanu a shafin farko, janyewa kuwa sai a can ciki, in ma an buga.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan jami'a ta fuska biyu. Ta koya wa masu bincikenta su kai aikinsu gaban abokan sana'a kafin su kai shi gaban jama'a, ta kuma koya wa ɗalibanta, waɗanda gobe su ne malamai da 'yan jarida da masu riƙe da baitulmali, su bi labari har zuwa ranar hukuncinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A fagen kimiyya kuwa, ganin mutum ɗaya ma ji ne ga sauran jama'a, har sai wani ya je da kansa ya gani.