Gonar Allah ta Garin Salem

Yau za mu ba ku labarin wata makabarta a gundumar Forsyth, cikin jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Waɗansu masu bi da ake kira Morabiyawa suka sauka a ƙasar nan a 1753, suka kafa garin Salem a 1766. Suka sa wa makabartarsu suna Gonar Allah, gama a wurinsu gawar mai bi iri ce da aka shuka, tana jiran ranar tashi. A 1771 aka binne mutum na fari a ciki.

Ba a binne mutum kusa da danginsa. Magidanta suna da sashensu, matan aure da nasu, haka kuma samari da 'yan mata. Duwatsun kaburbura farare ne, a kwance, kusan girma ɗaya, domin kada attajiri ya fi matalauci. Tun 1772 jama'a sukan taru can da asuba ran Ista, su yi sujada.

Amma daga 1816 ikilisiyar ta daina binne baƙar fata a ciki, ko da masu bi ne. Aka ware musu wani fili a ƙarshen gari. A 1913 aka tumɓuke duwatsun kaburburansu, aka jibge ƙarƙashin majami'arsu, sai bayan wajen shekara 80 aka gano su.

Mu yi lura, 'yan'uwa. Sun daidaita duwatsu, amma suka bambanta masu bi saboda launin fata. Bari mu duba ikilisiyoyinmu da makabartunmu, kada a iske mun ware wani saboda kabilarsa ko talaucinsa.