Jawabin da aka yi a taron ƙungiya kan rashin aiki a ƙasashen sefa



Maganar da ta tara mu yau ita ce ta rashin aiki. Kowa ya san gidan da ke da saurayi mai ƙarfi, ko mai takardar lakkol, wanda ke zaune bai da abin yi. Muna son mu duba inda abin ya samo tushe, domin wanda bai san ciwo ba bai iya neman maganinsa.

Kuɗin da ke aljihunmu, wato sefa, ƙasashe 8 ne ke ci da shi: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine-Bisau, Mali, Senegal da Togo. Bankin da ke fitar da shi, BCEAO, cibiyarsa tana Dakar. Tun 1999 an ɗaure sefa da yuro, kuɗin Turai: yuro guda ya tashi wajen tamma 656, wato dala 131 da ɗoriya. Akwai amfani a cikin wannan. Yaron da ke Abijan ko Lome in ya aiko jikka goma, jikka goma ce za ta iso hannun tsohuwarsa, ba a biya wurin ɗan canji ba.

Amma jama'a, akwai wani gefen. Ƙasar da ke da kuɗinta ita kaɗai, in kasuwa ta mutu, tana iya rage darajarsa domin kayanta su yi araha ga baƙi. Mu ba mu da wannan dama mu kaɗai. Ku dubi maƙwabtanmu: duk sa'ad da naira ta faɗi, kayan Kano da Katsina sai su cika kasuwar Maraɗi da Damagaram da araha, masu sana'ar gida su rasa masu saye, bisashe da waken da muke kaiwa can kuma su yi wa ƴan Najeriya tsada. Ko Turawa masu yuro abin bai bar su ba: a 2013, a Sifen da Girka, cikin masu neman aiki da masu yi, fiye da mutum guda cikin 4 bai da aiki.

Dattijai sun ga irin wannan da idonsu. Bayan 1980 farashin yuraniyom ya karye, baitulmali ya rame, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, aka rufe waɗansu kamfanoninta. A ƙarshen shekarun 1980 farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya a Kodibuwa, ƙasar da ta fi ƙarfin arziki a cikin takwas ɗin. A watan Janairu 1994, a Dakar, aka raba darajar sefa biyu: faran guda na Faransa da ke tamma 50 ya koma tamma 100, magani da takin zamani suka yi tsada nan take. A 2002 yaƙi ya tashi a Kodibuwa, ƴan ci-rani da yawa suka komo hannu wofi. A 2023 kuma, bayan takunkumin da aka sa wa Nijar, hanyar Kwatano ta toshe, direbobi da ƴan dako suka zauna.

To, mene ne darasin? Tun da kuɗinmu guda ne, kasuwarmu kuma a haɗe take, in aiki ya tsaya a gaɓar teku sai tukunya ta huce a garinmu. Saƙo in bai zo ba, magini bai samun gini, tela bai samun ɗinki, mahauci ya rage yanka. Maigida ya sayar da hatsi tun kaka da araha, ya sake sayensa da tsada cikin damina. Daga nan sai sayar da tumaki, sai jinginar da gona, aure kuma ya yi ta jinkiri. Ga shi kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu neman aiki ƙaruwa za su yi.

Darajar sefa ba a hannunmu take ba, amma ga abin da ke hannunmu. Na farko, kowane memba ya riƙa biyan kuɗin asusu a kan lokaci, domin a samu abin tarbar wanda ya komo ba shi da komi. Na biyu, mu cika rumbun tsimi tun kaka. Na uku, wanda ya samu a shekara mai kyau ya sa wani abu cikin rijiya, garka ko kiwo, kada duka ya tafi a biki. Na huɗu, ku ƴan uwa da ke waje, ku faɗa wa ƙannenku gaskiyar halin da ake ciki kafin su sayar da akuya su hau mota. Na biyar, masu sana'a su ɗauki yara biyu-biyu su koya musu.

Iyayenmu, muna roƙon ku sa baki a wannan magana, domin da shawararku ne za a tsaida abin da za a yi kafin taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu lafiya.