Bayan An Yanke Kyalle, Wa Zai Kula Da Ɗakin Kwamfutar?



Da Sakatare ya bugo mini waya ya ce in zo in yi magana a kan aikina, sai na tambaye shi ko ya san aikin da nake yi. Ya ce ai kowa ya sani, gyaran kwamfuta. To, ba shi ba ne. Amma tun da kwamitinmu ya kawo shawarar a tara kuɗi a gina wa makarantarmu ɗakin kwamfuta, na ga ya kamata in yi bayani kafin kowa ya sa hannu a aljihu.

Babu gardama cewa ana bukatar ɗakin. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. A 2024 WAEC ma ta fara yi wa masu rubutawa daga waje tata jarrabawar da kwamfuta. Yaron da ya taso a Jogana ko Tsamiya Babba, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan allon madannai ba sai ranar jarrabawa, an riga an kayar da shi tun kafin a busa usur. Damuwata ita ce abin da zai biyo baya, bayan an yanke kyalle, an ɗauki hotuna, kowa ya koma gida.

A irin wannan ɗaki akwai na'ura guda wadda sauran duka ke dogaro da ita. Muna ce mata saba, wasu kuma uwar garke. A cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai da sakamakonsu da darussa, kuma sauran kwamfutocin suna haɗe da ita ta waya. Kula da irinta shi ne aikina. Aikin kuwa ba shi da daɗin ba da labari. Kullum sai an duba ko faifan ajiya ya kusa cika, an kwafe abin da ke ciki zuwa wani wuri, an tabbatar kowace na'ura tana amsa kira, an share tarkacen da ya taru. Mutum zai yi yau, ya yi gobe, jibi a yi rasuwa a unguwarsu ya manta.

Maganin wannan mantuwa ya girmi da yawa daga cikinmu. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara tsarin Unix a Bell Labs da ke Amurka. A cikinsa akwai wata manhaja da ake kira shel, wadda kake rubuta wa umarni ita kuma ta sa na'ura ta aiwatar. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979, Brian Fox ya fito da Bash a 1989, sannan a 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux. Linux da Bash kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, abin da ya kamata Ma'ajinmu ya rubuta a littafinsa.

Dabarar ita ce, maimakon ka riƙa buga umarni ɗaya bayan ɗaya, sai ka jera su cikin fayil guda, kamar yadda ake rubuta wa yaro jerin cefane in za a aike shi kasuwar Gezawa. Akwai umarnin df mai faɗa maka sauran filin da ya rage a faifai. Akwai ping mai ƙwanƙwasa ƙofar kowace na'ura ya ji ko tana nan. Akwai rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996. Shi abin da ya canja kawai yake kwafewa, ba duka kayan ba, kuma wannan babbar rahama ce gare mu da ke sayen data da tsada. Sai cron, wanda shi ne agogon. Ka ce masa ƙarfe ɗayan dare ya tada aikin, zai tada shi ko kana minshari. Rubutun da bai wuce layi ashirin ba zai iya buɗe wa ɗalibai ɗari uku asusu kafin shayinka ya huce.

Yanzu bari in faɗa muku yadda abin ya taɓa ƙona mini hannu. A wani ofis da na yi aiki a Kano, na rubuta irin wannan jerin umarni domin kwafe bayanan ma'aikata kowane dare zuwa wani faifai. Na sa masa sharaɗin cewa kwafin ya zama daidai da na asali, wato duk abin da babu shi a can a share shi a nan. Ya yi wata da watanni yana aiki, har ina yabon kaina. Wata rana da dare aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, da wuta ta dawo na'urar ta tashi amma babban faifan bai haɗu da ita ba. Ƙarfe ɗaya na yi, rubutuna ya leƙa inda bayanan suke ya tarar wayam. Sai ya yi abin da na ce masa: ya mai da kwafin wayam shi ma. Da safe muka gano faifan asali ya lalace. Abin da ya cece ni shi ne wani tsohon kwafi da na jefa a aljihun tebur mako uku kafin nan. Aikin mako ukun nan kuwa, akawu biyu ne suka sake buga shi daga takarda, kuma har yau in na haɗu da su kaina a ƙasa yake.

Laifin nawa ne. Layi ɗaya ya rage in ƙara, wanda zai ce in faifan ba ya nan, a tsaya, a aiko mini da saƙo. Malaminmu na lissafi, ga shi can yana murmushi, ya sha rage mini maki saboda ina tsallake mataki ina rubuta amsa. Allah ya gafarta Malam, ashe gaskiyarka.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ke samu. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share bayanai a kan na'urar da ba ita ya nufa ba. Da suka koma ga kwafinsu sai suka tarar wanda ya kamata ya riƙa yin kansa ya daɗe da daina aiki, kuma saƙonnin gargaɗin ba sa isa ga kowa. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san wannan. Ba a zuba gero a rumbu a liƙe a tafi sai bazara. Ana buɗewa a duba ko gara ko ƙwaro sun shiga, kuma irin shuka daban ake ajiye shi.

Saboda haka ga roƙona ga kwamiti. In kuɗin kwamfuta talatin muka tara, mu sayi ashirin da biyar. Ragowar a sayi batir mai kyau da faifai biyu na waje, ɗaya ya riƙa kwana a ofishin Shugaban Makaranta, ba a ɗakin ba. A ware ɗan alawus ga malami guda wanda ɗakin zai zama a wuyansa, kuma kowane ƙarshen wata ya ɗauko kwafin ya buɗe shi a gaban wani, a ga sunayen yara da ido. Rubutun umarnin ni zan yi shi kyauta, amma da sharaɗi: ba zan yi shi ni kaɗai ba. Ranar da na canja wurin aiki ko ta Allah ta kasance, ba na son a tarar da abin da babu mai iya karantawa.

Ina neman Shugaban Makaranta ya ba ni ɗalibai goma 'yan aji biyar, waɗanda ba sa tsoron lissafi, tare da malamin da aka zaɓa. Zan zo duk Asabar a lokacin dogon hutu, kuma zan taho da tsofaffin kwamfutoci biyu da za su iya lalatawa ba tare da kowa ya yi musu faɗa ba. Sakatare yana da lambata.